Tudu ko Rafi

Afrilu

Zuwa ga Gwaggo Ernestine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙugun da ya karye yana haɗewa, kuma kin rage faɗa da masu jinya. Tunda kunnenki ya ƙi waya, ga takarda ta hannun matata Jolene.

Abin nan ya fito. Asusun gidan cacar ƙabilarmu ta 'yan asalin ƙasar nan ya amince da roƙon da mu 'yan kwana-kwanan gunduma muka kai. An saya mana sababbin rigunan kashe gobara, an kuma sa wa kowace mota allon kwamfuta mai taswira, har katafila. Na tsufa ina shugabancin 'yan sa-kai da rediyon da sai an mare shi yake magana. Yanzu direba yana ganin kowane shinge da kowace rijiya, da duk inda aka ce kada ya taka.

Ga inda maganar take. Kin san in wutar daji ta taso, katafila ce ke kankare ƙasa a gabanta don ta rasa abin ci. In ta yi girma kuwa, direbobin haya ake kawowa daga nesa, ba su san kowa ba, allo kawai suke bi. Kakanninmu suna binne a wani wuri cikin duwatsun nan ba alama, kuma ke kaɗai kika rage da kika san wurin. Ki faɗa mini in kewaye shi da jan zane. Bana dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, ciyawa har ta fara bushewa, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Arlen

Mayu

Arlen,

Na ga takardarka, ina amsawa. Ƙugu yana nan, masu jinya ma suna nan, ba wanda ya ci nasara tukuna. Ka ce wa Jolene busasshen kifin ya yi, soyayyen burodin kuwa da shi zan jefi mai tashina da asuba.

To, kuɗin da 'yan birni ke ɗura wa injin caca ya zama madubi a motarku. Madalla. Ina yarinya wani bature mai fara'a ya zauna a ƙofar kakata, ya ci abincinta, ya ce shi ma kare kaburburanmu yake so ya yi. Ta nuna masa wuri ɗaya. Aka tono mahaifiyarta, ta ƙare cikin akwatin gilashi a wani gidan tarihi, da lamba a goshi. Tun daga ranar muka yi shiru, kai kuma kana so in faɗa wa allo.

Amma na san halinka, tun kana goyo in ka kama abu ba ka saki. Ka bi Busasshen Rafi har inda duwatsu suka zubo, ƙarƙashin itacen da tsawa ta raba biyu. Kada ka rubuta kabari.

Ni dai so nake in koma gidana. Marigayi maigidana, wanda ba mu kiran sunansa sai shekara ta zagayo, da hannunsa ya gina shi, kuma a can zan yi masa taron tunawa a lokacin kaka ko da a kan keken guragu ne. Ka leƙa ka gani ko ɓeraye sun raba gado.

Gwaggonka

Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma jin kunyar gaisuwar.

Allon ba ya karɓar jan zane sai an rubuta dalili. Kin ce kada in sa kabari, sai na yi dabara. Direban katafila ba abin da yake tsoro kamar ƙasa ta burma da shi, don haka na rubuta: tsohon ramin haƙar zinariya, haɗari. Har yaba wa kaina na yi a hanyar gida. Ban sani ba ashe taswirarmu tana haɗewa da ta ƙaramar hukuma, wadda kowa ke iya buɗewa a wayarsa.

Ran Lahadi na tarar da motoci a Busasshen Rafi. Mutane ne da na'urar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe, da shebur, da diga. Wani har ya tambaye ni, "Malam, kai ma rabonka ka zo nema?" Ban san lokacin da na ƙwace shebur ɗinsa ba. Sun tafi, amma sun bar wurin kamar aladu sun yi kiwo.

Ni da Jolene muka mai da duwatsun da hannu. Na rera abin da na tuna na waƙar mamatanmu, rabinta ma ban iya ba, ina yi ina kuka. Na goge zanen. Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mini rai, ban ga ƙashi ko ɗaya ba. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi.

Ɗanki, Arlen

Yuni

Ɗana,

Ina amsa gaisuwa. Share hawayenka. Ba za ka ga ƙashi ba, don ba kowa a wurin sai macizai. Wurin ƙarya na ba ka, in ga ko allonka yana da baki. Ga shi ka gani, ko wata biyu bai riƙe magana ba.

Zinariya! Duk kalmomin duniya, ita ka zaɓa ka kori bature da ita. Na yi dariya har mai jinya ta zo da gudu. Daga baya dariyar ta tsaya, don na tuna ka yi wa duwatsu waƙa da zuciya ɗaya. Wannan ya yi mini ciwo, ban so ba. Amma da gaskiya na faɗa maka, yau da me muke ciki?

Ka zo ka gan ni. Likita ya ce wataƙila a sallame ni a watan Agusta.

Gwaggonka

Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ba zan zo yanzu ba, raina a ɓace yake, kuma ba na so in yi miki rashin kunya. Kin mai da ni yaro ina da furfura. Allo bai riƙe magana ba, na yarda. Ke kuma shekarunki sun haura tamanin. Ranar da kika bi kakanninmu, wa zai tsaya gaban katafila? Ba ni barci, kullum idona na kan duwatsu ina neman hayaƙi.

Arlen

Agusta

Gwaggo,

A tsaye nake rubutu, ki gafarta gaisuwar. Kin ga hayaƙin ta tagarki. Tsawa ce ta kunna ta, iska tana koro ta kudu, kuma ta fi ƙarfinmu. Jiha ta turo mutanenta da katafilolin haya, gobe za a yanka layin da zai tare ta.

Wuri biyu ne. Na farko kan tudun da ke bayan gidanki, ta cikin zubabbun duwatsun nan. In aka yanka a can, gidanki ya tsira. Na biyu bakin rafi, ƙasa da gidan. In aka ja baya zuwa rafi, ba gidan kowa a tsakani sai naki, kuma ba zai kai labari ba.

Shugaban da jiha ta turo ya buɗe allo, ya ga tudun fari tas, ba ja ko ɗigo. Ya ce, "Me zai sa in bar gidan tsohuwa ya ƙone a kan duwatsun banza?" Ni kuma, Gwaggo, ban san ko kakanninmu suna can ba. Ya ce ƙasar taki ce, in kin rubuta da hannunki zai bi. Na saki dawakinki, na kwaso barguna da kayan taron tunawa.

Ba na tambayar inda suke. Kalma ɗaya nake so, tudu ko rafi. Jolene za ta tsaya a kanki har ki rubuta.

Ɗanki, Arlen

Agusta

Arlen,

Ina gaishe ka da aiki, kai da mutanenka.

Rafi.

Wuta ta sha bi ta kan duwatsun ƙasar nan, ba ta taɓa ɗaga ko ɗaya ba. Ban ce maka akwai wani a tudun ba, kuma kada ka zana komai. Rafi na ce.

In kun gama, ka yi wanka ka zo, ka bar wayarka a mota, akwai maganar da za mu yi. Na aiki Jolene ofishin gidan jinyar nan ta tambayo mini ko ɗakin da ke kallon duwatsu ba kowa a ciki. Da alama zan daɗe.

Allah ya tsare ku.
Gwaggonka