Ƙuri'a Ɗaya a Akwatin Tsibiri

Galway, 11 ga Mayu, 2015

Goggo Nuala,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki, ya mutanen tsibiri?

Saura kwana goma sha ɗaya a kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan auren jinsi ɗaya, mu kuwa 'yan ƙungiya ƙafafunmu sun kumbura. Kullum da yamma mukan rabu biyu-biyu, mu bi unguwa muna ƙwanƙwasa ƙofofi, muna roƙon mutane su zaɓi Eh. Wata tsohuwa ta ba ni shayi ta yi kuka, wani kuma ya sakar mana kare. Na ƙwanƙwasa ƙofa ta fi ɗari shida, amma ƙofar Baba ta gagare ni.

Wata guda ke nan da na rubuta masa. Na gaya masa ni da saurayina Cathal shekararmu tara tare, kuma in doka ta yarda za mu yi aure, ina so ya tsaya a gefena. Har yau ko uffan. Don Allah, ya ma karanta kuwa? Ke kaɗai nake iya tambaya, tunda ke kika raine ni bayan rasuwar Mama.

Ɗanki,
Fintan


Tsibiri, 15 ga Mayu

Fintan ɗana,

Muna lafiya, gwiwa tana nan tana ba ni labarin ruwan sama tun kafin rediyo ya faɗa.

Wasiƙarka tana bayan agogon bango, inda ubanka yake ajiye takardar asibiti da duk abin da yake tsoro. Ya karanta, don ambulan ɗin ta yi laushi. Na taɓo masa maganar, sai ya ce mini ƙaguwa ta yi ƙaranci bana. Ka san Malachy, tun muna yara sai ka tatsi dutse kafin ka tatsi magana a bakinsa.

Mu ranar Alhamis za mu yi namu zaɓen, kwana ɗaya kafin ku, kamar kullum, don kada teku ta hana akwati isa. Ubanka ne zai ƙetare da shi a jirginsa tare da ɗan sanda. Ka riƙa cin abinci, na gan ka a hoto kamar sandar kamun kifi. Ka gaishe da Cathal.

Goggonka,
Nuala


Galway, 25 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Kin ji dai, ƙasa ta ce Eh. Cathal ya yi ta kuka a titi yana rungumar mutanen da bai sani ba. Ni ma na yi murna, sai dai murnar tawa da ƙaya a ciki.

Ƙungiya ta sa ni cikin masu tsayawa bayan shinge a zauren ƙirga, muna kallon takardu ana buɗewa muna yin namu lissafin akwati-akwati. Ni na roƙa a ba ni teburin da za a zazzage akwatin tsibirinmu. Takarda goma sha tara. Sha takwas Eh, ɗaya A'a.

Goggo, har Peadar mai shago, wanda ya yi shekara yana mini kallon banza, ashe yana cikin sha takwas ɗin. Mutum ɗaya ne a tsibirin nan bai amsa mini wasiƙa ba, kuma takarda ɗaya ce ta ce A'a. Ba sai an yi mini fassara ba. Da a bakinsa na ji, da ya fi mini sauƙi a kan in gan ta a hannun baƙo.

Ba zan zo hutun bana ba. Ki ce masa aiki ya yi yawa.

Fintan


Tsibiri, 29 ga Mayu

Fintan,

Ina gaishe ka, in za ka karɓi gaisuwata bayan ka gama karanta wannan.

Ba zan kai saƙonka ba. Zato zunubi ne, kuma ka ɗora wa ubanka kayan da ba nasa ba. Takardar nan tawa ce.

Na shiga da niyyar in yi maka. Na riƙe fensirin, sai hannuna ya ƙi. Shekara saba'in da huɗu ina durƙuso a benci ɗaya a coci, abin da aka koya mini ya fi ƙarfina a wannan minti ɗin. Ban daina sonka ba ko na daƙiƙa, kuma ban san yadda zan haɗa maka biyun su zauna ba, ni ma ban haɗa wa kaina ba. Na ɗauka sirri ne tsakanina da Allah. Na manta a tsibirin mutum sha tara babu sirri.

Ga abin da ubanka ya yi. Ya shigo ajin makaranta inda ake zaɓen da rigarsa ta zuwa coci, ya ce wa jami'ar zaɓe ya manta tabarau, ba ya gani, ta cika masa. Ta ce mu fita mu ba su wuri, haka doka ta ce. To ka san ƙofar ajin nan ba ta rufuwa tun kana ɗalibi, kuma muryar ubanka ta saba da faɗa da iska. Ta karanta masa tambayar a hankali, shi kuwa ya ce, "Eh. Ki rubuta shi da kyau. Ɗana ne." Duk wanda ke layi ya ji, kuma rabin tsibiri ba su riga sun jefa tasu ba.

Da ya fito na ga tabarau ɗin a aljihun rigarsa. Ni na riga na jefa tawa tun da safe, kallo kawai na tsaya yi, sai na tafi gida na kasa shan shayi.

Ka yi fushi da ni, na cancanta. Amma ka zo.

Goggonka, in har yanzu ka yarda,
Nuala


Tsibiri, 2 ga Yuni

Fintan,

Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya.

Zan zo da jirgina in ɗauke ku a bakin gaɓa ranar Asabar ƙarfe goma, kada ku makara, ruwa ba ya jira. In Cathal yana amai a jirgi, kada ya ci komai da safe, zan zaunar da shi a baya kusa da ni.

Nuala ta toya burodi har uku, kwana biyu ba ta fita ba. Ku fara shiga wurinta kafin ku iso gida.

Ka faɗa mini ranar auren da wuri. Kwat ɗina tana bukatar tela.

Babanka,
Malachy