Moɗa Mai Jan Zare

Litinin, 24 ga Yuli, 2023

Shekara bakwai ke nan ba wanda ya ba ni haƙuri. Ranar da muka binne ɗana Fa'iz, ciki a kumbure, ido ya yi rawaya, na dawo majalisar ƙofar masallacinmu na Rumde, nan Yola, na tarar an ɗaura wa wata moɗa jan zare, an rataye ta gefe. Hamajoɗa mai kula da randa ya ce, "Baba Deribe, ga taka." Wai ciwon hanta mu 'yan gudun hijira muka kwaso shi daga Bama. Ni da baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurena ba! Tun ranar ban ƙara shan ruwansu ba. Da gorata nake zuwa, in sha a gabansu.

Laraba, 26 ga Yuli

Jauro, mai unguwarmu, ya sa an yi shela, Juma'a za a yi gwajin hanta kyauta. Matata Gumsu ta ce, "Malam, ka je mana." Na ce mata jinina ba abin kallo ba ne.

Alhamis, 27 ga Yuli

Hamajoɗa, cikin mutane: "Masu shi dai sun san kansu." Bobboyi mai shayi har da dariya. To, zan je. Ni ne ma farkon layi.

Juma'a, 28 ga Yuli

Babbar rigata na sa. Layi a bayana har bakin titi: 'yan kasuwar Dubeli, malaman makaranta, matan coci, Fulanin gari. Wata ma'aikaciya, Hadassah, ta soki yatsana. Can ta ce, "Baba, ba ka da shi." Na ce, "Ɗaga murya, 'yata." Ta ce ai sirri ne. Na ce sirrin nawa ne, na yafe.

Na tambaye ta, daga Borno aka kawo shi? Ta ce, "Haba Baba, ko'ina akwai. In ka tara mutum goma sha biyu a ƙasar nan, da wuya ka rasa ɗaya, kuma yawanci ba su sani ba." Na ce moɗa fa? Ta ce irin wanda suke gwadawa ba ya bin moɗa, sai jini, aska, allura, ko daga uwa zuwa jariri.

Ban yi boko ba, amma wannan na haddace shi. Ba ya bin moɗa!

Asabar, 29 ga Yuli

Na yi ta bi ta majalisa. Ba don komai ba.

Litinin, 31 ga Yuli

Gumsu ta jiyo daga bakin matar Hamajoɗa, tana kuka: an same shi da ciwon. Shi, haifaffen Yola, da ko Mubi bai taɓa zuwa ba. Na ci tuwo na nemi ƙari. Ban dai ce na ji daɗi ba.

Laraba, 2 ga Agusta

'Yan majalisa sun karɓe randa daga hannun Hamajoɗa, sun ba Bobboyi. Moɗa mai jan zare ta sami sabon mai ita. Ya koma can ƙarshen tabarma, kai a sunkuye. Na san wurin nan, nan indararo ke zuba.

Ba ruwana.

Juma'a, 4 ga Agusta

Na manta gorata a gida. Gumsu wai ta ga na ajiye ta da hannuna a bayan ƙofa. Ita dai ba ta rasa ta cewa.

Bayan salla ƙishirwa ta kama ni. Hamajoɗa ya sha ya rage, na karɓe moɗar daga hannunsa na shanye. Ya ce, "Baba Deribe, ai..." Na ce, "Ai me? Tawa ce, kai ka ba ni." Bobboyi ya buɗe baki, na ce ya je ya ga shayinsa kada ya ƙone.

Masu gwajin sun ce wa Hamajoɗa ya je asibiti a duba shi sosai, yana ta jan ƙafa. Fa'iz bai sami mai gaya masa da wuri ba. Litinin dama ina da wani uzuri ta can. In ya ga dama ya biyo ni.

Ban yafe ba. Zaren na kwance shi daga moɗar, yana aljihuna. Gobe zan ajiye shi tsakiyar tabarma, kuma ba mai tashi. Wa ya ɗaura shi? Ɗana ko kwana bai yi a kabari ba, wa ya zauna ya nemo zare? Dole wani ya amsa mini.