Mijin 'Yata Ya Ce Ni Mai Yi Musu Aiki Ne

Malam mai fili, don Allah ka taimake ni da shawara, kwana tara ke nan abinci ba ya mini daɗi.

Ni mai walda ne, shekarata hamsin da bakwai. Ban yi boko mai zurfi ba, sai bara na shiga ajin koyon Turanci na manya saboda masu kawo aiki da takarda. Watanni uku da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, dole in rage tumbi. Mijin 'yata ta fari, ma'aikacin ofis ne, shi ya yankar mini kati a gidan motsa jikin da yake zuwa. Na ji daɗi, har na yi ta faɗa wa abokai cewa Allah ya ba ni suruki.

Tun ranar farko na gane wurin ba nawa ba ne. Madubi ta ko'ina, kowa da abu toshe a kunne, ka yi sallama ba mai amsawa. Na tashi daga benci, wata mata ta nuna gumin da na bari tana yamutsa fuska, ashe gogewa ake yi da tawul. Wani ya tsaya a kaina yana tambayar set nawa ya rage mini, na ɗauka korata yake, na tashi na ba shi wuri. Sai na koyi dabara: duk wanda ya yi mini magana in gyaɗa kai in yi murmushi.

Ranar da abin ya faru, wani mai furfura ya kwanta a benci zai ɗaga ƙarfe, ya ce mini wani abu kamar "sifot mi". A aji an koya mana kalmar tana nufin hango abu. Na gyaɗa kai, na ja baya, na harɗe hannu ina kallonsa. Ya ɗaga sau biyar, a na shida hannunsa ya ƙi, ƙarfen ya sauko masa a ƙirji. Ni na ɗage shi, da hannu ɗaya ma, amma haƙarƙari ya riga ya tsage. Malam, shekara arba'in ina ɗaukar ƙarfe. Da na san abin da yake nufi, wallahi ko rigarsa ba zai taɓa ba.

Mutane suka taru, ana ta surutu a kaina, wata na ɗauka da waya. Ashe mutumin shugaban surukina ne a wurin aiki. Mutumin ya nuna ni, ya tambaya wane ne ya kawo wannan. Ina tsaye, surukina ya ce da Turanci, bai ko kalle ni ba, wai ni wani ne mai yi musu aiki a gida, taimaka mini ya yi. Kalmar da za ta ceci mutum ban gane ta ba, amma wannan maganar na gane ta tsaf, ko harafi bai wuce ni ba.

A mota surukin nawa ya yi ta hira kamar ba komai. Yaron da na ba 'yata ban tambaye shi ko gidan su wa ya gada ba. Gadon ƙarfen da suke kwana a kai, ni na ƙera shi. Shekaranjiya 'yata ta zo tana cewa Baba me ya sa ka daina zuwa, na ce gwiwa ce. In faɗa mata? Ko in haɗiye in mutu da shi? Ajin Turancin ma na daina, ban ga amfaninsa ba.

Naka, Mai Walda.

Baba Mai Walda,

Abin da surukinka ya yi ba shi da kyau, ba zan yi masa kwalliya ba. Amma ina zaton tsoro ne ya kama bakinsa: shugabansa a kwance, shi kuma yana hango aikinsa. Wannan bai wanke shi ba, sai dai ya kamata ka ji daga bakinsa kafin ka yanke masa hukunci. Kada ka fara da 'yarka. Za ka ɗora mata kayan da ba ita ta ɗaure ba. Kira shi shagonka, ku biyu, ka ce masa ka ji kuma ka gane. Ka bar shi ya yi magana. Gyaran a bayyane yake: ya kai ka ka duba marar lafiyar, ya gabatar da kai a matsayin uban matarsa. Idan ya ƙi, to a nan ne 'yarka take da haƙƙin sani.

Kai ma da naka, Baba. Rashin sanin kalma ba laifi ba ne, gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba shi ne kuskuren, kuma mutumin ya cancanci ban haƙuri daga gare ka. A wurin nan "spot me" na nufin ka tsaya a kaina, hannunka kusa da ƙarfe, ka tare idan na gaza. "Rep" ɗagawa ɗaya ce, "set" kuma jerin ɗagawa kafin hutu. Mai tambayarka jira yake so ya yi, ko ku riƙa karɓa-karɓa. Goge benci, mayar da ƙarfe mazauninsa, kuma idan magana ta shige maka duhu ka ce "show me", wato nuna mini. Wadda ta ɗauke ka a waya ita ce ta karya ƙa'ida. Gaya wa masu wurin su sa ta goge.

Hawan jini bai san fushi kake yi ba. Ka koma motsa jiki a wannan makon, ko a wani wurin ne, ka koma aji ka kai wa malaminku waɗannan kalmomi. Allah ya ba marar lafiya sauƙi, ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya maka zuciya.