Sa hannun Baba Farfesa ya tsare ni

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni malamar jami'a ce, shekara shida ina bincike kan sauron da ya daina jin maganin feshi, har ɗalibai suka laƙaba mini Malama Sauro. Ɗakin gwajinmu ɗan ƙarami ne, tebur biyu da firji ɗaya. In wuta ta ɗauke sai in kwashe samfurana a kular ƙanƙara in kai gidan wata ƙawata mai sola.

Bara a wurin wani taro na haɗu da wata mai bincike daga wata ƙasa. Ta ga aikina, ta ce in shigo tawagarsu: jami'o'i huɗu daga ƙasashe huɗu, mu nemi tallafi tare daga wata gidauniya. In an dace za a gyara mana ɗakin gwaji, ɗalibaina biyu su je can koyon aiki, nasu ma su zo nan. Wata biyar muna rubutu. Saura kwana goma sha takwas a rufe, abu ɗaya ya rage mini, takardar amincewar shugaban sashenmu.

Shugaban nan shi ya koyar da ni, shi ya duba digirina na uku, kuma kawun mijina ne. A ofis Farfesa, a gida Baba. Da na kai masa takardar ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ba zai sa hannu ba sai an rubuta shi ne jagoran ɓangarenmu. To Anti, ƙa'idar gidauniyar ta ce jagora sai wanda bai wuce shekara takwas da gama digiri na uku ba. Sunansa na hawa za a watsar da takardar, har da wahalar mutanen ƙasashe uku da ba su ji ba su gani ba. Amma ban gaya masa ƙa'idar ba. Na ce masa to, na fito.

Abokiyar aikin nan kullum sai ta turo saƙo, ni kuma ina ce mata ana kai. Mijina ya ce ba ruwansa, kada dai in jawo masa surutu a dangi. Surukata har ta fara tambaya me na yi wa yayanta da ba na zuwa gaishe shi. Yanzu in na hango motarsa sai in zagaya ta bayan gini. Wallahi ba mugu ba ne. Ya sha ba mu labarin yadda ya shekara uku yana tara wa wasu baƙi samfura, suka buga sakamako ko sunansa babu. Ba na son ci masa fuska, ba na son cin amanar mutane. Ko dai in janye in huta?

'Yarki Malama Sauro

'Yata, kada ki janye. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga mutum biyu da ba su san halin da ake ciki ba, kuma shirunki ne ya jawo. Farfesa bai san ƙa'idar ba, abokiyar aikinki ba ta san an tsaya ba.

Fara da ita, yau ɗin nan. Gaya mata gaskiya, ki tambaye ta ko akwai kujerar babban mai ba da shawara a tawagar. Irin wannan neman yakan so dattijo mai gogewa, kuma ita ma tana da haƙƙin ta shirya tun da sauran kwanaki.

Sai ki buga shafin ƙa'idar, ki ja layi a ƙarƙashin sharaɗin, ki same shi a ofis, ba a gida ba. A gida ke suruka ce, dole ki sunkuyar da kai, a ofis kuwa abokiyar aiki ce. Ki bar takardar ta yi magana. Mutumin da aka taɓa share sunansa tsoron a sake yake ji, wannan karon kuma daga hannun ɗalibarsa. Ki nuna masa a rubuce inda sunansa zai zauna da aikin da zai yi. Haƙƙinsa ne a girmama shi, amma ba da sunan da zai rusa aikin kowa ba.

Ki leƙa ofishin kula da bincike na jami'arku, ki ji ko akwai wani da hukuma ta yarda ya sa hannu in shi ya ƙi. Mijinki kuwa ki ƙyale shi, amma ki je ki gaida Baba kamar yadda kika saba, ɓuyan nan ya fi komai ɓata lamarin.

In ya sa hannu, ki gode masa a gaban mutane. In ya ƙi, ki sanar da shi da bakinki cewa za ki bi ta ɗaya ofishin, kada ya ji a bakin wani. Allah ya ba ku nasara, ya sanyaya zuciyar dattijon.