Ku Mayar Mana da Hotunan 'Ya'yanmu Kan Allo Kafin Juma'a

Zuwa ga Mudir,
Shugaban ofishin ƙungiyar da ta kafa mana ɗakin kwamfuta,
Sinja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Zainabu. Malamar firamare ce ni a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi kusa da Abu Hujar, kuma ni kwamitin gari ya danƙa wa mabuɗin ɗakin kwamfutar da kuka ba mu. Na kira ofishinku har na gaji. An ce kana taro, an ce ka fita, an ce in bar saƙo, na bari. Shi ya sa na fito da maganar fili, don ba ni da lokacin jiran a tashi daga taro. Juma'a ta matso, kuma mahaifiyata, Hajja Kaltume, ta daina cin abinci.

Ba zan fara da ƙorafi ba sai na yi godiya. Kwamfutoci huɗun nan da faifan hasken rana da sandar shabaka, wato intanet, da kuka kafa a kan rufi sun riƙe garin nan a lokacin da wayoyin mutane suka salwanta, waɗanda suka rage kuma ba su kama komai sai an hau tudu. Allah ya saka. Amma ina jin ba ku san aikin da ɗakin yake yi a zahiri ba, don haka bari in faɗa maka.

A takardunku an rubuta cewa ɗakin na koyar da matasa ne. Matasan ba su nan, ranka ya daɗe. Suna wajen haƙar zinariya a arewa, suna Libiya, suna Saudiyya, wasu suna inda ba mu sani ba. Waɗanda suka fi cika ɗakin iyayensu mata ne, kuma yawancinsu ba su karanta boko, Larabcin ma sai na salla. Saboda haka muka yi dabara. Duk wanda ya yi tafiya, sai in sa hotonsa a kan allon kwamfuta, in haɗa shi da lambarsa. Tsohuwa ta shigo, ta nemi ɗanta da ido, ta latsa sau biyu, kira ya tafi. Hotunan sun haura arba'in, kowanne da mazauninsa. Ɗan'uwana Usmanu yana sama ta hannun dama, don Hajja ta ce nan idonta mai lafiya ya fi gani.

Akwai kuma wata ƙa'ida da dattawan gari suka kafa, wadda ita ce tushen wannan wasiƙa. Idan labarin rasuwar ɗayan yaran ya tabbata, ba a barin hotonsa cikin na masu rai, don kada uwarsa ta shigo ta latsa bisa sabo ta zauna tana sauraron wayar da ba mai ɗauka. Ana cire shi daga allo a ajiye cikin wata jaka a cikin kwamfutar. Mun yi haka ga yara biyar, da hannuna na yi. Kowace mace a garin nan ta san abin da gurbi a kan allon nan yake nufi.

Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Ranar Talatar makon jiya muhandis ɗinku, wato injiniya, ya zo ina makaranta. Bai aiko ba, bai nemi kwamiti ba, ya buɗe ɗakin da nasa mabuɗin. Ya sabunta abin da ya kira wajiha, wato tsarin da mutum ke tararwa idan ya kunna kwamfuta: inda ake latsawa da yadda abubuwa suke jere. Ya cire mai sauƙin da muka saba da ita, ya ɗora sabuwa a kan dukkan huɗun, ya tafi kafin la'asar. Hotunan nan suna gabansa sa'ad da ya zauna. Fuskoki arba'in suna kallonsa, bai tambayi kowa su wane ne ba.

Na biyu. Sabuwar wajihar ba ta yarda a ajiye komai a kan allo. Fili ne fetal, sai hoton wani dutse mai ƙanƙara wanda ban san ƙasarsa ba. Washegari da safe na buɗe ɗaki na fita ɗebo ruwan sharar faifan rana. Hajja ta shigo, ba don ranar kiran Usmanu ba ce, ta saba zuwa ta dube shi kawai ta wuce. Ta kunna da kanta kamar kullum. Ihunta na ji daga bakin randa. Na tarar da ita a ƙasa, tana riƙe da ƙafar tebur, tana cewa, "Zainabu, yaushe habari yaz zo? Mi yas sa kunka ɓoye mini?" Kafin in ɗaga ta, maƙwabta sun cika ƙofa, kowace ta leƙa ba ta ga nata ba. Ban taɓa jin kuka irin na safiyar nan ba, kuma garin nan ya sha kuka. Sai da liman ya zo ya rantse musu cewa ba wani labari da ya iso.

Na uku. Da na samu muhandis ɗin a waya, ya ce in kwantar da hankalina, ba abin da ya goge, hotunan suna cikin jaka, in rubuta suna a wurin bincike zai fito. Ban san yadda zan fahimtar da shi cewa wadda za ta iya rubuta suna ba ta buƙatar hoto tun farko ba. Duk da haka na buɗe jakar na nuna wa Hajja, ina murna na samo mafita. Ta dubi Usmanu a cikin jaka, ta dube ni, ta ce, "Ai nan kunka sa matattu." Ta ja mayafinta ta fita. Sauran matan sun ɗan natsu, domin wasu sun samu jin muryar nasu ta wayar liman a kan tudu, inda Hajja ba ta iya hawa. Usmanu kuwa yana ramin zinariya inda babu shabaka ko kaɗan. Sai ya sauko kasuwa yake kunna waya, Juma'a ɗaya cikin biyu, kuma wannan Juma'ar ce tasa.

Na huɗu. Ko a ce na zaunar da ita na latsa mata da hannuna, kiran ba ya tafiya. Kwamfutocin tsofaffi ne, kun sani, ku kuka kawo su. Sabuwar wajihar ta yi musu nauyi kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Hoto yana sandarewa, mu muna jin na can, shi ba ya jin mu, fanka tana gurnani, batir kuma yana ƙarewa tun rana ba ta karkata ba. Mun gwada a kan huɗun, duk ɗaya.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai. Ranar da kuka buɗe ɗakin nan kai da bakinka ka gaya wa jama'a cewa manhajar da ke cikin kwamfutocin, Linux, buɗaɗɗiya ce, ba ta wani kamfani ba ce, kowa yana da ikon gyara ta yadda ta dace da shi. Na riƙe wannan magana, na kuma koyi abin da zan iya. Na san tsohuwar wajihar tana nan, ana iya ɗora ta kusa da sabuwar, mutum ya zaɓi wadda yake so wajen shiga. Na san umarnin da ake rubutawa, bai kai layi biyu ba. Na rubuta shi, kwamfuta ta nemi kalmar sirrin mai gudanarwa, kalmar kuma tana Sinja. Muhandis ya ce dokar ofis ta hana ba da ita ga mutanen ƙauye, don kada su ɓata na'ura. Shekara biyu na'urar tana hannun mutanen ƙauye ba ta ɓaci ba, yini guda ta yi a hannunsa.

Ba na gaba da sabon abu, ranka ya daɗe. Muhandis ya ce tsohon tsarin yana da ɓarakar da ɓarayin shabaka za su iya bi, na yarda, a toshe. Ya ce ofis yana son dukkan cibiyoyinsa su zama iri ɗaya don sauƙin kulawa, wannan ma na fahimta. Amma toshe ɓaraka daban, kwashe hotunan 'ya'yan mutane daban. Da ya zauna ya sha shayi da ko mutum ɗaya a garin nan, da ya ji abin da na rubuta maka a sama.

Halin da ake ciki yanzu shi ne, Hajja ba ta yarda da ni ba, ba ta yarda da liman ba. Tana ganin tausayinta muke ji. Ta ce haka aka yi wa maƙwabciyarta bara, aka yi ta lallaɓa ta kwanaki kafin a faɗa mata, kuma gaskiya ne an yi hakan. Tana da ciwon sukari. Ruwa take sha da ɗan kunu idan na matsa, hakim, wato likitan Abu Hujar, ya ce idan ta ci gaba haka sai an kwantar da ita. Jiya na tarar ta sa an fito da tabarmi daga ɗaki an kakkaɓe an jingine a zaure. Ta ce za ta jira Juma'a saboda ni. Idan rana ta faɗi ba ta ji muryarsa ba, Asabar za ta shimfiɗa su ta karɓi gaisuwa. Ina jin tsoro, kuma ina fushi, ba zan ɓoye maka ko ɗaya ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A turo muhandis kafin Juma'a ya mayar da tsohuwar wajihar ko a kan kwamfuta ɗaya ce. Idan hanya ba ta ba da dama ba, a kira ni a faɗa mini kalmar sirrin, ni zan yi, ku canza ta daga baya idan kuna so. Sannan nan gaba kada a sake taɓa na'urar nan sai an sanar da kwamitin gari, kuma a bar kalmar sirri a hannun wanda kwamiti ya amince da shi. Na ji akwai wasu ƙauyukan a jerin muhandis ɗin, har wajen Kamlin. Don Allah ya tambayi abin da ke kan allonsu kafin ya share.

Idan duk wannan ya gagara, ina da roƙo na ƙarshe. Ka zo da kanka ranar Asabar. Za ka tarar da tabarmi a zauren gidanmu, da mata zaune, da tsohuwa tana karɓar ta'aziyyar ɗanta wanda yake can yana haƙa rami da ransa da lafiyarsa. Ka zauna gabanta ka yi mata bayanin dokar ofis, don ni na gwada na kasa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka a hanyoyin nan, ya raya maka zuriya. Idan mahaifiyarka tana raye, Allah ya sa duk ranar da ta nemi ganinka ta same ka a inda ta bar ka.

Wassalamu alaikum.

Zainabu 'yar Hajja Kaltume,
Mai riƙe da mabuɗin ɗakin kwamfuta.