Awon Takalmin Hibatullahi

Zongo, Kwatano
12 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Bibata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sa'id da yara. Yaya zafin Malanville, yaya kuma kasuwar albasa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya mai da lungunmu kogi, har 'yan zem, masu hayar babur, ba sa yarda su shigo mana.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun maigidana Mounkaïla, alhali ga waya. Halinki na sani. Da na ambaci sunan Hibatullahi a waya sai ki tambaye ni ko an samu kifi a Kwatano. Shekara goma sha uku kina yi mini haka. To ga takarda, ki shiga ɗaki ki saki labule ki karanta, babu mai ganin fuskarki.

'Yar farinki za ta zauna jarrabawar BEPC wata mai zuwa, ta gama kwaleji ke nan. Kin tuna abin da Inna, Allah ya jiƙanta, ta yanke ran da aka yaye ta aka goya mini ita: ta zauna wurina tunda Allah bai ba ni haihuwa ba, har ta gama kwaleji, sannan iyayenta su duba. A lokacin gani nake ranar ba za ta taɓa zuwa ba. Ga ta nan ta zo, ni kuwa ko barcin kirki ba na yi.

Shekaranjiya malamarsu, Madam Sabrina, ta raba musu takardar da za su rubuta lisen da suke so, wato makarantar gaba, da sunayen iyaye. Yarinyar nan ta kawo mini ita wurin suyar waina ta cike tsaf, kuma a gurbin sunan uwa nawa ta sa. Na ce ta goge. Ta tsaya tana ba ni hujja kamar lauya, wai matar da ba ta taɓa kiran sunanta ba, wadda in ta shigo ɗaki take kau da kai, wadda take tambayar lafiyar motar Mounkaïla ba ta tambayar tata, ai Tanti Bibata ce kawai, ƙanwar uwa. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, cewa haka Inna ta yi da ni har ta koma ga Allah ba ta faɗi Lubabatu da bakinta ba. Ina! 'Ya'yan Kwatano ne, suna ganin uwayen ƙawayensu na rungume su a ƙofar makaranta. Ta dai goge, amma da fushi.

Abin da nake roƙo, ki yi magana da Malam Sa'id a bar mini ita ta yi lise a nan. Akwai makarantu masu kyau, ga ta da kan lissafi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, in ta tafi ban san abin da zan yi da kaina ba.

Ki gai da yara da maƙwabta.

Yayarki,
Lubabatu

Zongo, Kwatano
20 ga Yuni

Ƙanwata Bibata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan damina ta sauka muku lafiya, kuma zazzaɓin autanki ya tafi. Ina gai da Malam Sa'id.

Mounkaïla ya dawo da buhun albasa da ɗan ƙunshi, babu amsa. Ya ce kin karɓi takardar kin cusa a ƙasan tabarma kina tambayarsa labarin hanya. Allah ya shirye ki, Bibata.

An yi jarrabawa. Kwana uku ban ɗora tanda ba, direbobin tasha har aike suka yi a ga ko lafiya. Ni na raka ta kullum a kan zem, ina riƙe da biro biyu da ruwan sha, na zauna gindin bishiya da sauran iyaye muna jan carbi kamar mu za mu amsa tambayoyin. Ta ce lissafi ya yi mata daɗi, tarihi ne ya ɗan ba ta wuya. Sai addu'a.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Takalmin da ke cikin ƙunshin nan shi ta sa ranar farko. Ya zauna mata cif, kamar yadda naki ke zama kullum. Muna kan hanya ta dafa kafaɗata ta ce duk duniya babu wanda ya san ƙafarta kamar ni. Bibata, na karɓi godiyar, kuma ba ran nan na fara ba.

Duk abin da kika aiko shekarun nan, takalmi, littattafan rubutu, sabulu, yadin kakin makaranta, ban taɓa gaya mata daga inda suka fito ba. Ke ba kya sa suna a ƙunshi, sai ki ce wa Mounkaïla na gidan ne, ni kuma in buɗe in miƙa mata in ce ga shi. Da tana ƙarama na ce ba za ta gane ba. Da ta girma kuwa daɗin godiyar ya riga ya shige ni. Alhali da idona na gan ki wata Babbar Salla da muka zo, kin laɓe bayan ƙofa kin karyi tsinken tsintsiya kina auna takalminta, kina waige-waige kamar ɓarauniya. Na koma da baya don kada ki ji kunya. Na san yadda kike yi, na bar 'yarki tana zaton ba ki damu da ita ba. Ran da ta sa sunana a takardar nan ma, bakina ya ce ta goge, zuciyata kuwa fari ƙal.

Jiya bayan la'asar na zaunar da ita na faɗa mata komai. Kin san me? Ba ta yarda ba. Wai ina rufa wa ƙanwata asiri ne don na ga lokacin rabuwa ya matso. Na rantse mata, ta ce in daina rantsuwa a kan wata. Na yi kuka har Mounkaïla ya ɗauki hularsa ya fita.

Ban janye roƙona ba, ina son ta zauna. Amma ba na so ta zauna don na sace miki ita. Na ɓata abin da ba zan iya gyarawa ni kaɗai ba. Ki yafe mini, kuma ki yi wani abu, ko me ne ne. Ba na ce ki kira ta a waya ba, na san ba za ki iya ba.

Taki mai neman gafara,
Lubabatu

Zongo, Kwatano
24 ga Yuli

Ƙanwata Bibata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Albishirinki! Na san Malam Sa'id ya riga ya gaya miki, kuma na san kin ce to madalla kin ci gaba da tankaɗe, amma sai na rubuta da hannuna: Hibatullahi ta ci, da sakamako mai kyau. Na yi guɗa har matan lungu suka fito babu mayafi. Na soya waina na raba kyauta tun daga ƙofar masallaci har tasha.

Saƙonki ya iso kwana biyu bayan haka. Da Mounkaïla ya miƙo mini ɗan tsumman nan na atamfa, ya ce kin ce wannan karon a ba yarinyar nan a hannunta, na ji ba nauyi, na ce a raina yau kuma Bibata iska ta aiko mana. Ban buɗe ba, na koyi hankali. Na kira ta na ba ta.

Tsinkayen tsintsiya ne, ɗaure da baƙin zare. Ta dube ni, na dube ta. Sai ta kwance ta jera su a kan tabarma, daga ƙaramin da bai kai tsawon yatsana ba har zuwa babban. Goma sha biyu ta ƙirga, ta ce ai shekara goma sha uku ne. Mounkaïla ya tuna mana shekarar da na kwanta asibiti ba mu zo Salla ba. Sannan ne ta tuna a shekarar takalmin ya matse ta, har ta yi ta mita wai na manta ƙafarta ta girma. Ta tashi ta ɗauko na jarrabawa ta zura babban tsinken a ciki, ya shige daidai, saura ɗan yatsa guda da kike ƙarawa.

Ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi kuka irin na ran nan ba. Ban rarrashe ta ba, don ni ma mai neman rarrashi ce. Ashe duk shekarun nan ajiye su kike yi? A ina kike ɓoye su, ke da yara ke birkita miki ɗaki?

Washegari da kanta ta je wurin Madam Sabrina ta tambayi yadda ake mai da takardu wata makaranta. Ta dawo ta durƙusa gabana ta ce tana so ta yi lise a Malanville, in na yarda. Na ce mata can zafi zai gasa ta, sauro zai cinye ta, babu teku, kuma uwarta ba za ta yi mata hira ba. Ta ce ta sani. Na ƙara wasu ƙarairayin ma a kan garinku, duk ba su yi aiki ba. To na yarda, Bibata. Ki ce wa Malam Sa'id ya je ya nemo mata gurbi, ajin kimiyya take so.

Yayarki,
Lubabatu

Zongo, Kwatano
6 ga Satumba

Ƙanwata Bibata,

Sallama irin ta 'yan'uwa. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mai kawo ta kin san ta, ko da ba za ki ɗaga ido ki dube ta a gaban mutane ba.

Takardunta na cikin jaka shuɗiya, da kakinta guda biyu, na sa an saki kalmasa. Ga abin da ya kamata ki sani. Ba ta cin kuɓewa, kada ki ɗauka raini ne. In tana karatu a tsaye take yi tana zagaya tsakar gida tana magana ita kaɗai, lafiyarta ƙalau. In ta yi shiru tana gyara abin da yake a gyare, ranta ne a ɓace, ki ba ta aiki kusa da ke, da kanta za ta faɗa. Ta iya juya waina fiye da ni, amma kada ki gaya mata na ce haka.

Ban ce ki canja halinki ba, mun tsufa da wannan. Amma ko sau ɗaya, ko ta bayan ƙofa ne babu kowa, ki kira ta da sunanta. Suna ne mai daɗi, ni shekara goma sha uku ina more shi.

Da safen nan tana wanka na ɗauki takalminta na laɓe bayan ƙofa na karyi tsinke na auna. Mounkaïla ya kama ni, ya yi kamar bai gani ba. Na ɗaure shi a tsumma na sa ƙasan akwati. Daga bana aiko mata takalmi aikina ne, kada ki riga ni. In ƙunshi ya iso, Bibata, ki gaya mata daga inda ya fito. Kada ki yi irin tawa.

Allah ya sa ta shiga aji a sa'a. Ki gai da Malam Sa'id da yara, ki gai da 'yata.

Yayarki har kullum,
Lubabatu