Kyamara Don Tsamiyar Ƙofar Gida

Jidda, 3 ga Muharram, 1410

Zuwa ga Yaya Sanusi, a Maradun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lahiya, kai da Inna da Taiba. Ni lahiya lau nike. Hannun da inji ya kama ya warke, yatsu biyu kawai ba su lanƙwasuwa. Kada Inna ta ji.

Ga kyamara nan na ba Alhaji Ɗan Asabe mahauci ya kawo maka. Mai shago ya ce in ɗauki mai araha, ta isa biki da suna. Na ce a'a, mai idon da ke fitowa ya jawo nesa kusa nike so. Ƙarama ce, da fim ciki, dannawa kawai za ka yi.

Ka ce da bazara, in ruwan dam ɗin Bakolori ya ja, kan busasshiyar tsamiyar gidanmu da dam ya ci yana leƙowa. Yaya, ka tsaya bakin ruwa ka ɗauko mini ita a hoto. Jiya na so tuna ko gabas take da ƙofa ko yamma, na kasa, kuma ban ji komai a raina ba.

In ruwan bai ja ba, ka ɗauko mini ruwan.

Allah shi sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Sallau